Abubakar Imam

Alhaji Abubakar Imam (an haife shi a Kagara a shekarar 1911, ya rasu a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981) marubucin Hausa ne, malamin makaranta, ɗan jarida, kuma ma'aikacin gwamnati a Arewacin Najeriya. Shi ne mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma shi ne editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939.

An fi saninsa da ƙagaggun labarai, amma waɗannan ya rubuta su ne cikin 'yan shekaru kaɗan, tun bai kai shekara talatin da haihuwa ba. Mafi yawan rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a hukumomin da ke tsara rubutu, su tace shi, su buga shi, su kai shi hannun mai karatu. Saboda haka ake sa shi cikin Hausawan farko da suka riƙe ragamar gudanar da harkar adabi da ɗab'i a matsayin sana'a, tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a Arewa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, kuma asalin zuriyarsu daga Barno suke. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. A gida ya fara karatun allo da na littattafan Larabci, kamar yadda aka saba a gidajen malamai na wancan zamani.

Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara (1890 zuwa 1971), shi ne ya buɗe masa hanyar boko. Malam Bello yana koyarwa a Katsina, daga baya kuma ya zama Walin Katsina. A wurinsa Abubakar ya zauna, ya shiga makarantar boko a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Wannan zama na Katsina ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa Bakatsine.

Karatu

A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1932. Ita ce makarantar boko mafi girma a Arewa a lokacin, kuma ita ce daga baya aka mayar Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A shekarun da ya yi a can ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwalejin ta shahara wajen horar da ɗalibai Turanci mai kyau, baki da rubutu.

Da ya gama aka tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya koyar da Turanci. Ya fito ke nan da harsuna uku a hannu: Hausa, Larabci da Turanci. Wannan haɗi shi ne jarin da ya yi aiki da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A shekarar 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara domin samar da littattafan karatu ga makarantun Arewa. Hukumar ta zauna a Zariya, a ƙarƙashin wani jami'in ilimi Bature, Dakta Rupert East, kuma a 1933 aka faɗaɗa aikinta ta koma Hukumar Talifi. Matsalar da ke gabanta ita ce yara suna koyon karatun boko da Hausa, amma babu abin da za su karanta na nishaɗi bayan sun iya.

East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu tsawo. Abin ya zo wa mutane baƙo, domin a al'adar malamai rubutu na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Su ake ɗauka a matsayin mafarin ƙagaggen labarin Hausa na boko.

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkarwa, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya. Imam ya ɗauko wasu dabarun labarin daga littattafan Larabci da ya karanta, musamman Maƙamatul Hariri. Yana da shekara ashirin da biyu lokacin da ya rubuta shi.

Magana Jari Ce

Hazaƙar da East ya gani a Ruwan Bagaja ta sa ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. A shekarar 1936 Imam ya je Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin rubutu kaɗai. Hukumar Talifi ta tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm. Ya karanta, ya zaɓa, ya sake ƙera su da sunaye da garuruwa da ɗabi'un ƙasar Hausa, ya haɗa da nasa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai kimanin tamanin, waɗanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930.

Littafin farko ya ginu ne a kan wani aku da ke ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labarai domin ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Yadda aka samar da Magana Jari Ce ya bambanta da yadda aka saba tunanin marubuci. Aiki ne da hukuma ta tsara: ta san masu karatun da take nufi, wato 'yan makaranta, ta ɗauke wa marubucin aikin aji, ta ba shi masauki da kayan aiki da wa'adi, edita yana duba abin da ya rubuta yana mayar masa don gyara, sannan akwai makarantun da ke jiran littafin. A nan Imam ya fara ganin cewa bayan hazaƙar mai rubutu akwai wani aiki na daban da ke sa littafi ya fito.

Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

Gab da Yaƙin Duniya na Biyu jita-jita ta yi yawa a Arewa, har da raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Gwamnati ta ga tana bukatar jarida da harshen da jama'a ke ji. Aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka kuma dawo da Imam daga Katsina ya zama editanta na Hausa. Ba ita ce jarida ta farko da ta yi amfani da Hausa ba, amma ita ce ta kafu ta daɗe, ta shafe fiye da shekara 70 tana fitowa. Imam ya riƙe ta kimanin shekara goma sha biyu.

Aikin edita ya sha bamban da na marubucin labari. Dole jarida ta fito ranar da aka sa, ko da takarda ta yi wuya saboda yaƙi. Dole a sami masu aiko da labari daga larduna, a tace abin da suka aiko, a amsa wasiƙun masu karatu, a san yadda jarida za ta isa garuruwan da ke nesa da layin dogo. An kuma riƙa fitar da ƙaramar takarda da ajami, mai suna 'Yar Gaskiya, saboda ɗimbin mutanen da ke karanta ajami amma ba su iya boko ba.

Akwai kuma aikin lallashi. Jaridar ta gwamnati ce, sarakuna suna sa mata ido, matasa 'yan boko kuwa suna son wurin da za su faɗi kokensu game da mulkin En'e. Imam ya buɗe shafin wasiƙu ga irin waɗannan matasa, shi kuma a sharhinsa yakan bi ta hanyar karin magana da barkwanci da misali ya faɗi abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Wasu 'yan zamaninsa masu zafin ra'ayi sun ga ya cika sassauci, wasu jami'an mulki kuma sun ga yana wuce gona da iri. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu ya tafiyar da jaridar ba tare da an rufe ta ba.

Tasirinsa a kan daidaitacciyar Hausa

Lokacin da Imam ya fara rubutu, ƙa'idojin rubutun Hausa na boko ba su gama zama ba. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, kuma a cikin shekarun 1930 ne aka karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a madadin ɗige-ɗige da alamomin da ake sa wa b da d da k a da. Littattafan Hukumar Talifi da jaridar Gaskiya su ne suka kai waɗannan haruffa gaban dubban masu karatu har ido ya saba da su.

Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa karin harshen Kano, wanda ake ji a birni da ƙasar da ke kewaye da shi, kamar Wudil da Gaya da Ajingi. Imam ya tashi a Katsina, ya yi aiki a Zariya, amma abin da ya fito daga teburinsa ya bi wannan ma'auni, ta yadda Basakkwace da Bazazzagi da Bahaɗeje za su karanta shafi ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Labaran yaƙi da na siyasa sun kuma tilasta wa ma'aikatan jaridar neman kalmomi ga abubuwan da Hausa ba ta saba magana a kansu ba, ko dai ta hanyar aro daga Larabci da Turanci, ko ta ƙirƙira. Lokacin da aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 domin daidaita rubutu da kalmomi, ta tarar da turbar da Gaskiya ta riga ta share. Shi ya sa har yanzu masu nazarin harshe ke ɗauko misalan jimla daga Magana Jari Ce.

Tafiya Ingila a 1943

A shekarar 1943 aka gayyaci tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam ne kaɗai ɗan Arewacin Najeriya a cikinta, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin tawagar. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai. Imam bai sa hannu ba, bisa dalilin cewa ba a aiko shi da wannan saƙo daga Arewa ba, kuma matsalolin Arewa na lokacin daban suke. Wannan mataki ya jawo masa suka daga jaridun Legas.

A wannan tafiya ya gana da Lugga, tsohon gwamnan Najeriya, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana bayyana illolin da ke cikin tsarin mulkin En'e, da ƙarancin makarantu, da yadda ba a sauraron matasa masu ilimi. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Kamfanin Gaskiya da NORLA

A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, East na shugabantarsa. Manufar ita ce a haɗa komai wuri ɗaya: editoci, masu fassara, masu zane, injinan ɗab'i, masu ɗinke littafi, da masu rarrabawa, tare da horar da 'yan ƙasa waɗannan sana'o'i. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. Imam yana cikin manyan ma'aikata 'yan ƙasa a kamfanin, kuma bayan ya bar kujerar editan jarida ya ci gaba da aiki a ɓangaren littattafai.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wato koya wa manya karatu da rubutu. Domin samar musu abin karantawa aka kafa hukumar adabi ta Jihar Arewa, wadda aka fi sani da NORLA. Ta buga ƙananan littattafai masu yawa a kan addini, tarihi, kiwon lafiya, noma, waƙa da labari, ta kuma fitar da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya.

NORLA ba ta daɗe ba. An rufe ta a 1959. Ba marubuta ta rasa ba. Abin da ya kayar da ita shi ne kuɗi da rarrabawa: ana buga littattafai suna taruwa a sito, kantunan littattafai ba su da yawa, hanyoyin karkara ba su da kyau, kuma hukumar ta dogara ne da abin da gwamnati ta ba ta. Bayan rufe ta aikin ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, sannan a 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a Zariya, da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila. NNPC ne ya gaji littattafan Imam ya ci gaba da sake buga su.

Siyasa, aikin gwamnati da addini

Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu a 1948 zuwa 1949 ƙarƙashin Dakta R. A. B. Dikko, kuma shi ne ma'ajinta a farko. A 1951 ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC. A zaɓen wannan shekara ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa, daga nan kuma Majalisar Wakilai ta Legas. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma aikin hukuma, inda ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a lokacin da ake ƙoƙarin maye gurbin Turawa da 'yan Arewa a ofisoshin gwamnati.

Yana kuma cikin waɗanda suka assasa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. A wannan ɓangare na rayuwarsa rubutunsa ya fi karkata ga addini da tarihi.

Wasu daga cikin littattafansa

Ruwan Bagaja
Magana Jari Ce, littafi na 1 zuwa na 3
Ƙaramin Sani Ƙuƙumi
Ikon Allah, tare da Rupert East
Tafiya Mabuɗin Ilmi
Tarihin Annabi Kammalalle
Haji Mabuɗin Ilmi
Hausa Bakwai

Rasuwa da karramawa

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da kimanin shekara 70. An ba shi lambar girma ta OBE a zamanin Turawa, da ta CON bayan samun 'yancin kai, kuma Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. A shekarar 1989 kamfanin NNPC ya buga tarihin rayuwarsa da Turanci, The Abubakar Imam Memoirs, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Abin da ya bari a harkar gudanar da adabi da fasaha

Imam bai yi karatun gudanar da harkar fasaha a aji ba, domin babu inda ake koyar da shi a Arewa a zamaninsa. Jami'ar Ahmadu Bello ma sai a 1962 aka buɗe ta. A bakin aiki ya koya: yadda ake neman rubutu daga marubuci, yadda ake tace shi, lissafin takarda da farashi, sanin mai karatu, da zama lafiya da mai ba da kuɗi ba tare da an sayar masa da alƙalami ba.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa ya nuna nauyin wannan aiki. A shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labaran Hausa. Matasan marubuta a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kaiwa kasuwa da kansu, abin da aka riƙa kira Adabin Kasuwar Kano. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin taimakon juna. Daga cikin wannan yunƙuri da na ƙungiyoyin wasan kwaikwayo aka sami masana'antar finafinan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Wannan sabon zamani ya sami kasuwar da NORLA ta nema ta rasa, amma ya yi fama da rashin abin da Hukumar Talifi take da shi, wato edita da tsari. Ga kuma satar fasaha, da rashin rubutacciyar yarjejeniya tsakanin marubuci da furodusa da ɗan kasuwa, da saɓani da hukumomi, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

A yau ana koyar da sassan wannan aiki a jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan nazarin wasan kwaikwayo, da na aikin jarida, da na harsunan Najeriya, inda ɗalibi ke haɗuwa da darussa a kan shirya wasa, tafiyar da gidan wasa ko kafar yaɗa labarai, dokar haƙƙin mallaka, tace rubutu da fassara. Ga masu wannan karatu, tarihin Imam da hukumomin da ya yi wa aiki misali ne na gida: Magana Jari Ce ta nuna abin da ke samuwa idan aka haɗa mai hazaƙa da tsari mai kyau, rufe NORLA kuma ya nuna cewa buga littafi ba ya wadatarwa idan ba a san yadda zai isa kasuwa ba.

Littattafansa na nan a manhajar Hausa ta makarantun sakandare da jami'o'i a Najeriya da Nijar. An mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980, ana kuma karanta labaranta a gidajen rediyo. Manazarta irin su Ibrahim Yaro Yahaya, Graham Furniss, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan ayyukansa, musamman a kan tushen labaransa da yadda ya mayar da su na Hausa.